British Newspaper Archive: ya cancanci kuɗinsa ga mai bin sawun kansilan da ya ƙi yaƙi?

Duk wanda ke son sanin yadda kansila mai aƙidar ƙin zubar da jini ya kwashe da majalisarsa da mutanen garinsa a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, babu inda ya kamata ya fara sai British Newspaper Archive. Rumbun tsofaffin jaridu ne a intanet, na biyan kuɗi, wanda aka buɗe a watan Nuwamba 2011 da shafi kusan miliyan 4, yanzu kuma ana maganar gomman miliyoyi. Jaridun na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ne, kamfanin Findmypast kuma shi ke ɗaukar hotonsu yana sayar da damar karantawa. Hukuncinmu a kansa a taƙaice: ya cancanci kuɗin wata ɗaya ga wanda ya gama shirinsa kafin ya biya. Kuɗin shekara kuwa sai mai rubuta kundin digiri. Wanda ya shiga da ka, ya rubuta suna ya danna, zai fito da tarkace, ko ya fito hannu rabbana yana zaton babu komai.

Dalilin da ya sa jarida ta zama dole a wannan fanni ba ya rasa nasaba da wani umarni na 1921. Lokacin da dokar tilasta shiga soja ta fara aiki ranar 2 ga Maris 1916, an kafa kwamitocin sauraren uzuri kusan 2,000 a faɗin Birtaniya. Majalisun garuruwa ne suka naɗa su, kowanne da mutum 5 zuwa 25, galibi kansiloli da alƙalan majistare da manyan 'yan kasuwa, ga wakilin soja a gefe yana ƙalubalantar duk mai neman a ɗage masa. Sama da su akwai kwamitin ɗaukaka ƙara na lardi, sannan babban kwamiti a Landan. Bayan yaƙi, Ma'aikatar Lafiya, wadda harkar ƙananan hukumomi ta koma hannunta, ta ce a lalata takardun kwamitocin nan, a bar na Middlesex da na Lothian da Peebles a matsayin samfuri. Wasu wuraren ba su bi umarnin ba, shi ya sa na Staffordshire da Northamptonshire suka tsira, amma akasarin garuruwa ba su da komai. Littafin zaman majalisa kuma, inda ya rage, abin da aka zartar kawai yake rubutawa: an kawo ƙuduri, an goyi baya, an amince. Wa ya miƙe ya yi magana, wa aka yi wa ihu, wa ya fice daga zaure, wannan sai ɗan jaridar gari da ke zaune a bencinsa da fensir.

Mun auna rumbun da Harrison Barrow na Birmingham, domin lamarinsa ya haɗa duk wahalhalun da mai bincike zai ci karo da su. An haife shi a 1868, ɗan kasuwar shayi da kayan masarufi, mabiyin ɗariƙar Kiristocin nan da ake kira 'yan Kweka, waɗanda tun ƙarni na 17 suka tsaya a kan cewa ɗaukar makami ya saɓa wa koyarwar Almasihu. Ya shiga majalisar birni a 1898, mahaifinsa Richard Cadbury Barrow ma ya taɓa riƙe magajin gari a 1888. A 1914 an riga an tsayar da shi zai zama magajin garin Birmingham, sai yaƙi ya ɓarke a watan Agusta, ya janye. Magajin gari a lokacin yaƙi shi ne kan gaba wajen kiran samari su shiga soja, kuma a makonnin nan ne birnin ya tara bataliya uku na 'yan sa kai. Barrow ya ga ba zai iya hawa kujerar ya yi wannan aiki ba, ba kuma zai hau ya ƙi yi ba. Kansilancinsa dai ya ci gaba da shi. Sai a watan Mayu 1918 aka gurfanar da shi a kotun Guildhall ta Landan tare da Edith Ellis da Arthur Watts, su ukun shugabannin wani kwamitin 'yan Kweka ne da ya buga ƙasidar A Challenge to Militarism ba tare da kai ta ofishin tace labarai ba. Dokar lokacin yaƙi mai lamba 27C ta ƙarshen 1917 ta wajabta kai duk wata ƙasida kan yaƙi ko sulhu a duba ta kafin a raba, 'yan Kweka kuma sun fito fili a Disamba 1917 sun ce ba za su kai ba. Barrow da Watts suka sha wata 6 a kurkukun Pentonville, Ellis wata 3 a Holloway. Bayan yaƙi Barrow ya dawo majalisar, a 1949 birnin ya ba shi babbar lambar girmamawarsa, ya rasu a 1953.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne bincike kyauta ne. Karanta cikakken shafi ne ake biya. Kowane sakamako yana zuwa da guntun layi biyu zuwa uku inda kalmarka ta faɗo, a ƙarƙashinsa ranar bugu har da sunan ranar mako, sunan jarida, lardi, irin rubutun, yawan kalmomin labarin da lambar shafi. Waɗannan ƙananan bayanai su ne rabin aikin. Labari mai kalma 60 a shafin ƙarshe sanarwa ce kawai, mai kalma 1,500 a shafin tsakiya washegarin zaman majalisa shi ne muhawarar da kake nema. Saboda haka a ɗauki mako guda ana bincike ba a biya ko sisi ba, ana rubuta jerin jarida, rana da shafi a littafi ko a kwamfuta. Yin rajista yana ba da shafi 3 kyauta. Kada a ƙona su a kan sha'awa, a yi amfani da su wajen gwada ko hoton jaridar da za a fi dogaro da ita yana karantuwa. Akwai kuma sashen shafukan da aka saki kyauta tun 2021, sai dai yawancinsu na ƙarni na 19 ne da kafin nan, ba za su kai ka 1914 ba.

Kafin a rubuta sunan kowa, a buɗe jerin jaridu a duba shekarun da ke akwai na kowace. Wannan mataki ne da mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi jawo ƙaryar "babu labarin". Kasancewar sunan jarida a rumbun ba ya nufin duk shekarunta suna ciki. Wata za ka ga tana da 1914 da 1915, ta yi tsalle zuwa 1919. Dalilan giɓin suna da yawa: ba a kai ga ɗaukar hoton kundin ba tukuna, ko takardar ta rube, ko ba a daidaita da mai haƙƙin mallaka ba, ga kuma bam ɗin da ya faɗa wa ma'ajiyar jaridu ta Colindale a Oktoba 1940 ya cinye kundi kusan 6,000. Birmingham ta yi sa'a a nan. Birmingham Daily Post, Birmingham Daily Gazette, Birmingham Mail da Evening Despatch duk suna da shekarun yaƙi, ma'ana za ka iya jin zama ɗaya daga bakin wakilai daban-daban. Kansilan ƙaramin gari mai jaridar mako guda ɗaya tilo, idan shekarar ta ɓace, shi ke nan. Wani abin lura: rumbun yana bin tsoffin larduna, don haka Birmingham a ƙarƙashin Warwickshire take.

Sai babbar matsala, suna. Rubuta Barrow kaɗai a shekarun 1914 zuwa 1918 ɓata lokaci ne. Akwai garin Barrow-in-Furness, inda kamfanin Vickers ke ƙera jiragen ruwan yaƙi, kuma a lokacin babu ranar da sunansa ba ya fitowa a jarida, ga ƙungiyar ƙwallonsa. Kalmar kanta a Turanci tana nufin baro, don haka duk tallan kayan lambu da shari'ar mai tura kaya za su shigo. Shagon iyalin, Barrow's Stores da ke titin Corporation, yana talla kullum. Ga kuma wani ɗan Kweka ɗan Birmingham mai suna Barrow Cadbury, na gidan masu cakulan, gidan da Bournvita ɗin da ake sha a gidajenmu ta samo sunanta daga unguwar masana'antarsu ta Bournville. Mutum biyu ne daban, amma tarurruka ɗaya suke zuwa, sau da yawa sunayensu na jere a labari guda.

Maganinsa shi ne a shiga sashen bincike mai zurfi, a sa cikakken sunan a akwatin jimla, a kuma danna akwatin da ke tilasta wa injin ya nemo kalma yadda aka rubuta ta. Idan ba a danna ba, yakan sassauta ya kawo 'yan uwan kalmar. Daga nan a cire tallace-tallace ta hanyar zaɓar irin rubutun da ake so. Amma bincike ɗaya ba ya isa, domin jaridun zamanin ba sa kiran mutum da siga ɗaya. Yau "Mr. Harrison Barrow", gobe "Councillor Barrow", jibi "Mr. H. Barrow", wasu kuma su gajarta muƙamin zuwa "Coun." ko "Cr.", idan ya zama dattijon majalisa "Ald." Kowace siga a yi mata nata binciken. A cikin rahoton muhawara ma, da zarar an ambaci cikakken suna sau ɗaya a sama, sauran duk "Mr. Barrow" ne, kuma idan injin ya kasa karanta na saman, labarin ya kuɓuce maka gaba ɗaya.

Wannan ya kai mu ga raunin da ya fi kowanne. Abin da kake bincikawa ba hoton jaridar ba ne, rubutun da kwamfuta ta karanto daga hoton ne, kuma ba mutum ne ya bi ya gyara ba. Jaridun shekarun yaƙi sun fi wahalar da ita. Daga 1916 takarda ta yi tsada, aka taƙaita shigo da ita, jaridu suka rage shafuka, wasu har zuwa 4, suka cusa labarai da ƙananan baƙaƙe a kan takarda mai arha da tawada ke ratsawa. Ka buɗe shafi guda na 1918 ka gani: ginshiƙai bakwai ko takwas a matse, babu hoto, rahoton kwamitin uzuri a ƙasa can ƙarƙashin kanun da bai fi faɗin farce ba, a gefensa farashin dankali da jerin sojojin da suka mutu. A irin wannan shafi, harafin r guda biyu a jere kan narke ya zama n ko m, kuma Harrison Barrow yana da su a sunayensa biyu. Doguwar kalma kamar "conscientious" kan karye a ƙarshen layi, injin ya ɗauke ta kalma biyu. Wani lokaci ya tsallaka layin da ya raba ginshiƙai ya haɗa rabin jimlar wannan labari da rabin na maƙwabcinsa. Shafukan da aka ɗauko daga tsohon fim ɗin adana takardu, masu baƙi da fari tsantsa, sun fi waɗanda aka ɗauka kai tsaye daga kundi yawan kuskure. Rumbun yana ba masu karatu damar gyara rubutun layi-layi, abin a yaba ne, amma ɗigo ne a teku.

Don haka dabarar da ta fi aiki ita ce a bar suna a kama rana. Kowace jarida tana da kalanda, kana iya buɗe bugun rana kaza ka karanta shi da idonka. Ranakun da ya kamata a sani ba su da yawa. A dokar lokacin, ana zaɓen kansiloli ranar 1 ga Nuwamba, ana zaɓen magajin gari ranar 9 ga Nuwamba, saboda haka bugun da ya biyo bayan wannan zaɓe a kowace shekara yana ɗauke da jawabai da sunayen 'yan kwamitoci. Maganar janyewar Barrow tana tsakanin 4 ga Agusta, ranar da Birtaniya ta shiga yaƙin, da 9 ga Nuwamba na 1914. Daga 1915 an dakatar da zaɓen majalisun gari har 1919, idan kujera ta zama babu kowa majalisa ce ke cike ta da kanta. Amfanin sanin wannan shi ne kada ka ɓata lokaci kana neman sakamakon zaɓen da zai nuna ko jama'a sun juya wa kansilan baya. Ba a tambaye su ba. Matsin da ya sha a zauren majalisa yake, da tarurrukan unguwa masu neman ya sauka, da shafin wasiƙu. Naɗin 'yan kwamitin uzuri a watan Fabrairu 1916 yake, zaman da suka fi zafi kan masu ƙin yaƙi kuma a Maris da Afrilu, sai wani zagaye bayan an faɗaɗa dokar zuwa magidanta a watan Mayu. Shari'ar Guildhall a ƙarshen Mayu 1918, ɗaukaka ƙararta a Yuli. Ita wannan, da yake a Landan aka yi ta, kamfanonin dillancin labarai sun raba ta ko'ina, za ka ga sakin layi ɗaya a jaridu masu yawa. Kada yawan ya ruɗe ka, shaida ɗaya ce aka maimaita.

Kalmomin nema ma sai an yi da harshen zamanin. 'Yan Kweka sun fi fitowa da "Society of Friends" ko "Friends" kawai fiye da "Quaker". Mai ƙin yaƙi "conscientious objector" ne a rahoto, "C.O." a gajarce, "conchy" a bakin masu zagi, "pacifist" da "pro-German" a wasiƙun masu karatu. Hukuncin kwamiti kuma yana zuwa da "non-combatant service" (aikin soja ba tare da ɗaukar makami ba) ko "work of national importance" (aikin farar hula mai amfani ga ƙasa). Haɗa ɗaya daga cikin waɗannan da "Council" da sunan gari, a cikin tazarar wata ɗaya, ya fi kamo labari fiye da sunan mutum.

Akwai kuskuren fahimta da ke yawan faruwa, ba laifin rumbun ba ne amma yana cin kuɗin mutane. Dokar 1916 ta shafi maza 'yan shekara 18 zuwa 41 ne, sai a Afrilu 1918 aka ɗaga ta zuwa 50. Yawancin kansiloli sun wuce shekara 41. Barrow yana da 47 ko 48 lokacin da dokar ta fara, babu wanda ya kira shi soja a lokacin. Neman sa cikin masu neman uzuri neman jinin fara ne. Kansila irinsa a ɗaya gefen teburin yake, ko a zauren majalisa inda ake kaɗa ƙuri'a kan ba da filin atisaye, sayen takardun bashin yaƙi da kuɗin gari, ko korar malamin makaranta da ya ƙi shiga soja. Nan ne za a ga inda ya ja layi. Da yawansu sun yi aikin ciyar da iyalan sojoji, karɓar 'yan gudun hijirar Beljiyam da rabon abinci ba tare da ɗar ba, suka ƙi hawa dandalin ɗaukar soja. Wanda ya nemi kalmar ƙin yaƙi kaɗai zai ga rabin mutumin. Sai ya bi rahotannin kwamitin ruwa, wuta, lafiya da kuɗi, masu gundura, kafin ya ga ɗaya rabin da ke zuwa aiki kullum.

Idan kuma kansilan matashi ne da ya bayyana gaban kwamiti, wata matsalar ce. Jaridu da dama ba sa buga sunan mai neman uzuri, sai su ce wani akawu ɗan shekara 27, ko wani mai wa'azi a unguwa kaza. A nan sai an haɗa sana'a, shekaru da rana. Rajistar da masanin tarihi Cyril Pearce ya tattara ta masu ƙin yaƙi fiye da 16,000 tana taimakawa ƙwarai wajen samo ranar zama, daga nan a koma kalandar jarida. A tuna kuma cewa masu uzurin aƙida 'yan kaɗan ne cikin waɗanda kwamitocin suka saurara. Ko a takardun Middlesex, masu shari'a kusan 11,000, kashi 5 cikin 100 ne kawai. Sauran duk maganar sana'a ce, rashin lafiya da nauyin iyali. Za ka karanta labarin mahauta da manoma da masu gidan burodi da yawa kafin ka iso ga naka.

Abin da ya fi damunmu da rumbun ba na inji ba ne. Muryar da ke ciki galibi ta abokan hamayyar kansilan ce. Jaridun gari kusan duk suna bayan yaƙin, kuma ɗan rahoto yana da hanyoyin nuna ɓangarensa ba tare da ya yi ƙarya ba: ya taƙaita jawabin mai ƙin yaƙi a layi uku, ya kawo martanin shugaban zama kalma da kalma, ya sa alamar dariya ko tafi a inda yake so. Wasiƙun masu karatu kuma da sunan aro ake sa musu hannu, uban soja, ɗan kishin ƙasa, mai biyan haraji, ba ka san ko mutum goma ne ko mutum ɗaya ba. Wanda ya gina hoton Barrow daga nan kaɗai zai fito da mutum mai taurin kai da ba ya iya bayanin kansa. Hujjar addininsa, yadda shi da mutanensa suka fahimce ta, tana mujallarsu ta mako-mako The Friend, wadda ake bugawa tun 1843 kuma tana da nata rumbun daban, da ɗakin karatun 'yan Kweka da ke Friends House a titin Euston na Landan. A cikin rumbun kansa, abin da ke ɗan daidaita ma'auni shi ne jaridun 'yan ƙwadago irin su Herald ta George Lansbury, wanda shi ma kansila ne a unguwar Poplar ta Landan kuma Kirista mai ƙin yaƙi. The Times da Manchester Guardian ba sa ciki, wasu kamfanoni ne ke riƙe da su. Littattafan zaman majalisar Birmingham da takardun 'yan Kwekan yankin kuma suna cibiyar Wolfson a babban ɗakin karatun birnin, sai an je da ƙafa bisa alƙawari.

Ga Yaƙin Duniya na Biyu rumbun yana aiki haka nan, da bambanci ɗaya mai muhimmanci: dokar 1939 ta cire kwamitocin daga hannun majalisun gari ta sa alƙali ya shugabance su. Rigimar majalisa ta koma kan ma'aikata. A tsakiyar 1940, bayan faɗuwar Faransa, majalisu da yawa sun kaɗa ƙuri'ar korar ma'aikatansu masu ƙin yaƙi ko dakatar da su. Bugun Yuni da Yuli na wannan shekara su ne wurin dubawa.

Maganar kuɗi. Akwai biyan wata, na watanni, na shekara, da kuma sayen adadin shafuka ƙayyadadde. Farashi yana canzawa, kuma da fam ake lissafi, don haka a duba shi ranar da za a biya. Sayen shafuka ƙayyadaddu bai dace da wannan aiki ba, tunda dabarar karanta bugu sukutum tana cin shafi da yawa, zama ɗaya zai cinye su. Na wata ya fi, bayan an gama jerin da muka ambata. Yana sabunta kansa idan wa'adi ya cika, a shiga saitin asusu a kashe wannan tun ranar farko, kada a wayi gari an cire na wata na biyu. Mai biya daga Najeriya ya fara tambayar bankinsa ko katinsa na naira yana biyan kuɗin waje da kuma iyakar da aka sa masa, in ba haka ba sai katin dala. Wanda yake da babban kunshin Findmypast kada ya biya sau biyu, jaridun ɗaya ne, ko da yake tacewa da kalandar British Newspaper Archive sun fi dacewa da mai bin rana-rana. Ɗalibin da ke karatu a Birtaniya kuma ya tambayi ɗakin karatun garinsu, da yawa suna ba da shi kyauta a kwamfutocinsu.

A waya ana iya yin binciken farko, amma karatu wahala ne. Shafin jaridar 1916 babba ne, kafin ka zuƙo shi har baƙaƙen su fito, ka ɓace wane ginshiƙi kake. Kwamfuta ake buƙata. Hotunan suna da nauyi, idan intanet ba ta da ƙarfi shafin kan tsaya a dishi-dishi na ɗan lokaci kafin ya washe, a yi haƙuri kada a yi ta sabuntawa. Rumbun yana haskaka kalmar da ka nema a jikin shafin, yana kuma nuna rubutun da injin ya karanto a gefe. Kada a taɓa kwafo magana daga wannan rubutun gefen zuwa kundi ba tare da an gwama da hoton ba, musamman lambobi: 3 da 8, 1 da 7, wata 6 da wata 8. Akwai wurin ajiye shafuka cikin manyan fayiloli a asusunka, sai dai idan wa'adin biya ya ƙare jerin ne zai rage maka, shafin ba zai buɗu ba. A sauke kowane shafi mai amfani nan take, a sa masa suna da shekara, wata, rana, jarida da lambar shafi, domin sunan da yake saukowa da shi ba zai tuna maka komai ba bayan wata uku. Sauke shafi don karatun kanka halal ne. Buga hotonsa a littafi ko a intanet sai da izini, kuma sunan mai haƙƙin yana rubuce a ƙasan kowane shafi.

Wanda bai taɓa irin wannan aiki ba, ya fara koyon hannu a Welsh Newspapers Online na Ɗakin Karatun Ƙasa na Wales. Kyauta ne baki ɗaya, ya kai har 1919, kuma garuruwan kwal na kudancin Wales irin su Merthyr da Aberdare cike suke da rigimar kansiloli, limaman coci da kwamitocin uzuri. Matsalolin suna, karyewar kalma da rahoto mara suna duk iri ɗaya ne da na can. Muhawarorin majalisar dokokin Birtaniya ma suna intanet kyauta, kuma 'yan majalisa sun sha yin tambaya kan hukuncin kwamitin gari kaza da sunan mutum da rana, abin da zai ba ka makon da za ka buɗe a kalanda idan watanka na biya ya fara.